Bombay Talkies: Tarihin Wani Gidan Shirya Fim a Ƙasar Indiya, 1934 zuwa 1954



Gabatarwa

Da wuya a sami wani babban gari a ƙasar Hausa wanda mutanensa ba su san fim ɗin Indiya ba. Tun cikin shekarun 1950 da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da waɗannan fina-finai gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos da sauran birane, jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu, har sunayen 'yan wasa irin su Dilip Kumar da Raj Kapoor suka zama kamar na 'yan unguwa. Amma kuwa sanin 'yan wasa daban, sanin gidan da ya rene su daban. Wannan lacca za ta dubi tarihin ɗaya daga cikin gidajen shirya fim na farko a birnin Bombai, wanda tun 1995 ake kira Mumbai, watau kamfanin Bombay Talkies. An kafa shi a 1934, ya rayu shekara ashirin, sa'an nan ya rushe.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan gida an gina shi ne bisa tsari irin na makaranta da na ma'aikata, da albashi da horo da lokacin zuwa aiki. Tsarin nan shi ya ba shi ƙarfi, shi ya sa ya yaye mutanen da suka riƙe sana'ar fim ta Indiya shekaru da dama. Amma da wanda ya kafa shi ya rasu, kuɗi kuma suka yi yawa a kasuwa, sai ɗaliban suka fi ƙarfin makarantar. Labari ne da ya kamata duk mai sha'awar yadda ake gina ma'aikata, da yadda take lalacewa, ya saurara.

Yadda sana'ar take kafin 1934

Fim na farko mai tsawo da aka shirya a Indiya shi ne Raja Harishchandra, wanda Dadasaheb Phalke ya fitar a 1913. Fim ne marar magana, kuma wani saurayi ne ya fito a matsayin sarauniya, domin a lokacin babu macen da ta yarda ta tsaya gaban na'urar ɗaukar hoto. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da ake yi wa sana'ar. Mutanen kirki suna zuwa kallo, amma ba mai son a ce ɗansa, balle 'yarsa, yana cikin masu yin wasan.

A 1931 aka fitar da Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya, wanda Ardeshir Irani ya shirya, da waƙoƙi bakwai a cikinsa. Shigowar murya ta sauya kome. Fim marar magana ana iya ɗaukarsa a fili, da hasken rana da 'yan kuɗi kaɗan. Mai magana kuwa yana bukatar rufaffen ɗaki wanda hayaniyar waje ba ta shiga, da fitilun lantarki, da na'urorin ɗaukar sauti, da mawaƙa da makaɗa da marubuta waɗanda suka iya harshe. Watau dai yana bukatar jari mai nauyi da ma'aikata na dindindin. Saboda haka ne manyan gidaje suka taso. Akwai Prabhat, wanda aka kafa a Kolhapur a 1929, ya koma Puna a 1933. Akwai New Theatres na B. N. Sircar a Kalkata, wanda aka kafa a 1931. Na ukunsu shi ne Bombay Talkies.

Himanshu Rai da Devika Rani

Mutum biyu ne tushen wannan gida, miji da mata, dukansu 'yan asalin Bengal. Himanshu Rai ya tafi Landan ne don ya karanta aikin lauya, amma wasan kwaikwayo ya ɗauke masa hankali. A can ya haɗu da wani marubuci ɗan ƙasarsu mai suna Niranjan Pal. Su biyun suka ƙudura niyyar shirya fim a kan rayuwar Buddha wanda za a nuna wa Turawa. Da yake ba su da kayan aiki, sai Rai ya nufi birnin Munik na ƙasar Jamus, ya shawo kan kamfanin Emelka ya ba da ma'aikata da na'urori, shi kuma ya nemo kuɗi da 'yan wasa a Indiya. Haka aka yi The Light of Asia a 1925. Bajamushe Franz Osten ne ya ba da umarni, Josef Wirsching yana cikin masu ɗaukar hoto, Rai da kansa ya fito a matsayin Buddha. Bayansa suka yi Shiraz a 1928, da A Throw of Dice a 1929, duka marasa magana, duka kuma da Osten.

Wajen shirin fim na ukun ne Rai ya haɗu da Devika Rani. An haife ta a 1908, mahaifinta babban likitan soja ne wanda ya shugabanci aikin likita a lardin Madras, kuma tana da dangantaka ta jini da mashahurin marubucin nan Rabindranath Tagore. A Ingila ta yi karatu tun tana ƙarama. Da fari aikin zanen tufafi da tsara wurin wasa ta yi wa Rai. Suka yi aure a 1929, suka tafi Balin, inda ta ƙara koyon sana'a a babban gidan fim na Jamus mai suna UFA. A 1933 suka fito tare a fim ɗin Karma, wanda aka yi da Turanci da Hindi. Jaridun Landan sun yabe ta ƙwarai, amma a Indiya fim ɗin bai yi kasuwa ba. Daga nan Rai ya gane cewa fim ɗin da aka yi don idon Bature ba lalle ne ya gamsar da ɗan gida ba. Ya tattara ya koma Bombai da shawarar yi wa mutanen Indiya fim da harshensu, da ƙwarewa irin ta Jamus.

Kafuwar gidan da tsarinsa

An yi wa Bombay Talkies rajista a 1934 a matsayin kamfani mai sayar da hannun jari ga jama'a, da jarin rupi miliyan biyu da rabi. Wannan baƙon abu ne a lokacin, domin yawancin masu fim daga hannun masu ba da bashi da ruwa suke samun kuɗi. Cikin hukumar gudanarwa akwai manyan attajirai da lauyoyin Bombai, irin su F. E. Dinshaw da Sir Chimanlal Setalvad da Sir Pheroze Sethna da Sir Cowasji Jehangir. Wurin da aka zaɓa shi ne wani gidan shaƙatawa na Dinshaw a Malad, arewacin birnin, wanda a wancan zamani ƙauye ne mai itatuwa. Aka gina ɗakunan ɗaukar hoto waɗanda sauti ba ya ratsawa, da ɗakin wanke fim, da na yanka shi da haɗawa, da ƙaramin ɗakin kallo.

Rai ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa. Osten ya zama mai ba da umarni, Wirsching shugaban ɗaukar hoto, wani matashi Karl von Spreti kuma aka ba shi tsara wuraren wasa. Shi wannan von Spreti daga baya ya shiga siyasa da aikin jakadanci, kuma shi ne jakadan Jamus ta Yamma da 'yan tawaye suka sace suka kashe a Guwatamala a 1970. Niranjan Pal ya riƙe sashen rubuta labari.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake tafiyar da ma'aikata, waɗanda yawansu ya haura ɗari huɗu. Kowa ɗan albashi ne, daga babbar 'yar wasa har mai jan fitila, kuma kowa yana da lokacin zuwa da na tashi. Ɗan wasan da ba shi da fitowa a ranar ba ya zaman banza, sai a tura shi ya koyi yankan fim ko ya taimaka a wani sashe. Akwai ɗakin karatu, akwai kula da lafiyar ma'aikata. Akwai kuma ɗakin cin abinci guda ɗaya inda kowa da kowa ke zama. Wanda bai san Indiya ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu ne. Amma a ƙasar da aka raba mutane aji-aji tun daga haihuwa, inda ɗan babban aji ba ya shan ruwa a moɗar ɗan ƙaramin aji, cin abinci a teburi guda magana ce babba.

Har ila yau Rai ya dage a kan ɗaukar samari da 'yan mata masu ilmi, 'yan gidan mutunci, musamman waɗanda suka gama jami'a, ya sa Jamusawan nan su horar da su. Manufarsa ita ce uba ya iya faɗa a gaban jama'a cewa ɗansa yana aikin fim ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kasancewar Devika Rani, 'yar dangin Tagore, ita ce babbar 'yar wasan gidan, ya taimaka ainun wajen wannan.

Duk da haka al'umma ba ta sauko da sauƙi ba. Fim na farko da gidan ya fitar shi ne Jawani Ki Hawa a 1935, labarin kisan kai a cikin jirgin ƙasa. Wadda ta tsara kiɗansa wata Bafarisa ce mai suna Khorshed Minocher-Homji, 'yar'uwarta kuma ta fito a cikin wasan. Wasu daga cikin al'ummar Farisawan Bombai suka tayar da ƙura, suka nemi a hana nuna fim ɗin, wai an zubar musu da mutunci. Manyan Farisawan da ke cikin hukumar kamfanin suka shiga tsakani, aka kuma ɓoye sunayen matan biyu da sunayen aro. Khorshed ta zama Saraswati Devi, da wannan suna tarihi ya san ta, ɗaya daga cikin mata na farko da suka shugabanci kiɗan fim a Indiya.

Ashok Kumar da fim ɗin Achhut Kanya

A 1936, ana cikin ɗaukar wani fim mai suna Jeevan Naiya, sai gidan ya faɗa cikin rikicin da ya kusa rusa shi. Devika Rani ta bar mijinta ta bi jarumin fim ɗin, Najmul Hassan, zuwa Kalkata. Wani ma'aikacin sashen sauti mai suna Sashadhar Mukherjee shi ya je ya lallashe ta ta dawo. Aka sallami Najmul Hassan, aka shiga neman wanda zai maye gurbinsa. Rai ya duba cikin gida, ya ɗauko wani saurayi daga ɗakin wanke fim, Kumudlal Ganguly, wanda ɗan'uwan matar Mukherjee ne, kuma ya baro karatun lauya ne ya zo koyon aikin na'ura. Shi bai so ba, Osten ma bai ga alamar ɗan wasa a jikinsa ba. Rai ya nace, aka sauya masa suna zuwa Ashok Kumar. Wannan saurayi da aka tura gaban kyamara ala tilas ya yi shekara sittin da ɗoriya yana wasa, har ya rasu a 2001. A nan ne amfanin tsarin gidan ya fito fili: da yake kowa yana koyon aikin kowa, ranar da aka shiga uku ba a je waje neman agaji ba.

A cikin wannan shekara aka fitar da Achhut Kanya, wanda shi ne fim ɗin da ya ɗaga sunan gidan. Ma'anar sunan ita ce budurwar da ba a taɓawa. Labarin Kasturi ne, 'yar mai gadin wata mahaɗar hanya da layin dogo, wadda ta fito daga ajin da ake ƙyama, da Pratap, ɗan wani mai kanti daga ajin Brahmin, mafi ɗaukaka. Sun tashi tare, suna son juna, amma al'ada ta haramta musu aure. Aka aurar da kowannensu ga ɗan ajinsa. Gulma da kishi suka kai ga mijin Kasturi ya kama Pratap da kokawa a kan layin dogo, jirgi kuwa yana tafe. Kasturi ta ruga ta tare jirgin don ta cece su, jirgin ya bi ta kanta.

Lokacin da aka yi fim ɗin yana da muhimmanci. Shekara huɗu ke nan bayan yarjejeniyar Puna ta 1932 tsakanin B. R. Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyama, da ɓangaren Mahatma Gandhi, kuma ƙasar tana ta muhawara a kan matsayin waɗannan bayin Allah. Masu suka sun ce Devika Rani, da girarta a gyare da tufafinta tsaf, ba ta yi kama da 'yar talakan ƙauye ba, kuma fim ɗin bai yi ƙarfin halin ɗaura auren ba, sai ya kashe yarinyar ya huta. Akwai gaskiya cikin sukan nan. Amma dai fim ɗin ya kafa wani fasali wanda ya daɗe: saurayi da budurwa suna son juna, wani shinge na al'umma ya gitta, aji ne ko dukiya ko nufin iyaye, waƙa kuma ta faɗi abin da baki ba ya iya faɗa a gaban manya. An rubuta maganganun da Hindustanci mai sauƙi, wanda Bahinde da Musulmi, ɗan arewa da ɗan kudu, duk za su iya bi.

Yaƙi, mutuwa da rabuwar kai

A watan Satumba na 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Da yake Indiya tana ƙarƙashin Ingila, hukuma ta kama dukan Jamusawan da ke ƙasar ta tsare. Osten, wanda ya yi wa gidan fina-finai goma sha shida cikin shekara huɗu, kuma ya shiga jam'iyyar Nazi tun 1936, an ɗauke shi ana tsakiyar aikin Kangan, sai almajiransa suka ƙarasa. An mayar da shi Jamus a 1940, bai sake komawa Indiya ba. Wirsching kuwa ya zauna a tsare har bayan yaƙi. Abin lura shi ne aikin bai tsaya ba. Yaran da aka horar suka hau kujerun malamansu, Kangan ya yi kasuwa, haka ma Bandhan a 1940 da Jhoola a 1941, dukansu da Ashok Kumar da Leela Chitnis.

Babban rashi ya zo ne a 1940, da Himanshu Rai ya rasu bayan rashin lafiya, bai kai shekara hamsin ba. Ashe duk da rajista da hukumar gudanarwa da hannun jari, kwarjinin mutum guda ne ke riƙe da gidan. Devika Rani ta karɓi shugabancin shirya fina-finai, amma aka raba aikin gida biyu, ɓangare ɗaya nata tare da Amiya Chakrabarty, ɗaya kuma na Sashadhar Mukherjee. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓangarorin biyu suka shiga gasa, kowanne yana ƙirga ribar da ya kawo.

Gasar ta haifar da fina-finai masu kyau kafin ta haifar da rabuwa. Ɓangaren Devika ya yi Basant a 1942, inda wata yarinya 'yar shekara tara ta fara fitowa, wadda daga baya duniya ta sani da suna Madhubala. Ɓangaren Mukherjee ya yi Kismet a 1943, wanda Gyan Mukherjee ya ba da umarni. Ashok Kumar ya fito a matsayin ɗan sane, wanda a ƙarshe aka gane ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana yaro. Jarumin da yake ɓarawo amma mai zuciyar kirki, da ɗan da ya ɓata aka gane shi da wata alama, duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya na shekarun 1970 ya san sau nawa aka maimaita waɗannan. Akwai kuma wata waƙa ta Kavi Pradeep a ciki, wadda ke korar baƙi daga ƙasar Indiya. Da yake ta ambaci Jamus da Japan, masu tace fim na Turawa suka bar ta ta wuce. Masu kallo kuwa, watanni kaɗan bayan Gandhi ya yi kiran Ingila ta fice a watan Agusta na 1942, sun san sarai da wa ake. Kismet ya yi mako 187 ana nuna shi a silimar Roxy ta Kalkata, kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da cinikinsa ya kai rupi miliyan goma.

A shekarar da aka sami wannan gagarumar nasara ne gidan ya dare. Mukherjee da Ashok Kumar da Gyan Mukherjee da babban manaja Rai Bahadur Chunilal suka fice, suka kafa nasu kamfani mai suna Filmistan a Goregaon, ba nisa da Malad. Devika Rani ta ci gaba da abin da ya rage. A lokacin ne ta ɗauki wani saurayi ɗan mai sayar da 'ya'yan itatuwa, haifaffen Peshawar, mai suna Muhammad Yusuf Khan, a kan albashin rupi 1,250 a wata. Aka sa masa suna Dilip Kumar, ya fara fitowa a Jwar Bhata a 1944. Raj Kapoor ma a wannan gida ya yi wani ɓangare na koyon aikinsa yana ƙaramin mataimaki. A 1945 Devika ta sayar da hannun jarinta, ta auri wani mai zane ɗan Rasha, Svetoslav Roerich, ta bar sana'ar baki ɗaya. Ita ce ta farko da aka ba lambar girma ta Dadasaheb Phalke, ta shekarar 1969. Ta rasu a Bangalore a 1994.

Dalilin da ya fi rikicin cikin gida

Kuskure ne a ɗora mutuwar Bombay Talkies a kan saɓanin shugabanni kaɗai, domin Prabhat da New Theatres su ma sun durƙushe cikin shekarun 1950. Ruwa ba ya tsami banza. Yaƙi ya kawo wa 'yan kwangila da masu ɓoye kaya kuɗi masu yawa waɗanda ba sa son hukumar haraji ta gani, fim kuwa wuri ne mai kyau na ɓoye irin waɗannan kuɗi. Sabon mai jari ba ya bukatar gina ɗaki ko ciyar da ma'aikata ɗari huɗu. Abin da zai yi shi ne ya yi hayar ɗakin wani na 'yan kwanaki, ya je wurin ɗan wasan da jama'a ke so, ya ba shi a fim guda abin da ya fi albashinsa na shekara, wani kaso a rubuce, wani kaso a bayan fage. Ɗan wasa ya gane cewa fuskarsa ce ake saye. Mawaƙa da marubuta da masu ba da umarni suka bi sahu, kowa ya zama mai zaman kansa, yana aiki wa mutum uku ko huɗu a lokaci guda.

Gidan da ke biyan albashi wata-wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wanda kuma dole ya nuna wa masu hannun jari littafin kuɗinsa, ba shi da yadda zai yi gasa da wannan. Shi ke ɗaukar nauyin horo, wani ke cin moriyar wanda aka horar. Kwamitin binciken sana'ar fim da gwamnatin Indiya ta kafa a ƙarƙashin S. K. Patil, wanda ya ba da rahotonsa a 1951, ya yi kuka da wannan hali na tsadar 'yan wasa da kuɗin ɓoye da yawan masu shigowa sana'ar don riba ta dare ɗaya.

Hasken ƙarshe

A 1947, shekarar da Indiya ta sami 'yancin kai aka kuma raba ta da Pakistan, Ashok Kumar ya dawo tare da Savak Vacha don su farfaɗo da tsohon gidansu. Suka tara marubuta da masu ba da umarni, da yawansu Musulmi, irin su Saadat Hasan Manto da Ismat Chughtai da mijinta Shahid Lateef da Kamal Amrohi. A daidai lokacin ana zubar da jini tsakanin Hindu da Musulmi, har aka riƙa aiko wa kamfanin da wasiƙun barazanar ƙone shi saboda Musulmin da ya ɗauka. Ashok Kumar bai kori kowa ba, amma Manto ya kasa jurewa, ya ƙaura Pakistan a farkon 1948.

Duk da wannan hali an yi Ziddi a 1948, fim ɗin da ya fito da Dev Anand, wanda kuma a cikinsa ne ƙanen Ashok Kumar, Kishore Kumar, ya fara rera waƙar fim shi kaɗai. Sa'an nan a 1949 aka yi Mahal, labarin wani tsohon gida da wata mace mai kama da fatalwa. Kamal Amrohi ne ya ba da umarni, Wirsching, wanda ya dawo daga tsare, ya ɗauki hoton da wasan haske da inuwa irin na Jamus. Fim ɗin ya mayar da Madhubala tauraruwa, ya kuma sa duk ƙasar ta san muryar Lata Mangeshkar. Amma bashi ya riga ya yi wa gidan katutu. Fim na ƙarshe, Baadbaan, ma'aikata ne suka haɗa kai suka shirya shi a 1954 don su ceci wurin cin abincinsu, bai kuwa isa ba. Aka rufe ƙofa, filin ya koma hannun masu ƙananan masana'antu. Prabhat ya fi shi sa'a, domin gwamnati ta mayar da harabarsa makarantar koyon aikin fim a 1960.

Kammalawa

In an auna da shekaru, rayuwar Bombay Talkies gajera ce. In kuwa an auna da mutanen da suka fito daga cikinsa, da wuya a sami kamarsa. Ashok Kumar, Dilip Kumar, Madhubala, Dev Anand, Raj Kapoor, Kishore Kumar, duk sun bi ta ƙofar Malad. Filmistan, wanda ya ɓalle daga jikinsa, ya yi Anarkali a 1953 da Nagin a 1954. Wirsching ya ci gaba da aiki a Bombai har ya rasu a 1967 yana cikin ɗaukar Pakeezah. Kajol, wadda matasan ƙasar Hausa suka sani sarai, jikar Sashadhar Mukherjee ce, ma'aikacin nan da ya je Kalkata biko a 1936.

Fina-finan da suka iso Kano da Zariya da Damagaram daga shekarun 1950 yawancinsu an yi su ne bayan gidan ya mutu, amma almajiransa ne da almajiran almajiransa suka yi da yawa daga cikinsu, kuma sun zo da fasalin nan na soyayyar da iyaye ko aji suka tare, da waƙar da ke ɗauke da sirrin zuciya. Mai kallo Bahaushe, wanda ya san auren tilas da kunyar surukai da bambancin ɗan sarauta da talaka, bai bukaci tafinta ba. Alamun wannan fasali suna nan cikin littattafan soyayya na Kano da fina-finan Hausa na bidiyo da suka taso daga 1990.

Ga ɗalibi da ma'aikaci kuwa, abin ɗauka guda biyu ne. Na farko, Himanshu Rai ya ɗauko ƙwararru daga waje, amma ya sa kowannensu ya koya wa 'yan gida, shi ya sa ranar da aka kwashe Jamusawa cikin 1939 aiki bai tsaya ba. Na biyu, bai tanadi yadda za a gaje shi ba, kuma kamfanin bai sami hanyar da zai riƙe waɗanda ya horar ba bayan darajarsu ta tashi, shi ya sa shekara uku kacal bayan rasuwarsa gidan ya rabu biyu. Duk hukumar da ke tura yara koyon aiki, jami'a ce ko asibiti ko gidan rediyo, tana fuskantar waɗannan tambayoyi biyu: wa zai riƙe wurin in shugaba ya kau, kuma me zai sa gwanin da aka horar ya zauna.